Ranar da Iks Ya Shiga Rumbunmu

Inna Habsa ba ta nan. Ta rasu da bazara, kwana goma sha ɗaya kafin ruwan shuka, ta bar mana tabarmarta da tasbaharta da tsanin rumbu, wanda ba mai taɓa shi in ba ita ba. Abin da ba ta bar mana ba shi ne yawan hatsin gayya. Shekara talatin tana ciyar da masu noman babbar gonarmu ta bakin kwari, ba a taɓa tashi da yunwa ba, ba a taɓa zubar da saura ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan nan tiya nawa take fitarwa ba. Abin da muka riƙe kawai shi ne maganar da take maimaitawa duk shekara tana tsaye kan matan daka: rabi na hura, sulusi na tuwo, tiya huɗun da suka rage na masu daka ne, su kai gida.

Ni ce autarta, karatuna bai wuce aji biyar ba, kuma ba wanda ya tambaye ni komai a cikin wannan al'amari. Labarin na yayana ne, Abdurrazak.

Abdurrazak ya yi shekara uku a kwalejin Filinge, yau shekara ashirin ke nan. Takardar da ya dawo da ita gida ta ce korarsa aka yi. Shi kuwa cewa yake ya bar makarantar ne don tausayin malamin lissafi, wanda gumi ke keto masa duk lokacin da ya ɗaga hannu. Har gobe bik biyu ke maƙale a aljihun rigarsa, shuɗi da ja, kuma ba ɗayan da ke rubutu. In ana musu a bakin masallaci kan ranar da ruwa zai zo, ko kan shekarun wata akuya, sai ya bari kowa ya gama, sannan ya dafa aljihun nan ya ce maganar tana buƙatar ekwasiyon, wato lissafin makaranta na gano abin da ba a sani ba. Ba a taɓa ganin ekwasiyon ɗin ba, don ba a taɓa samun abin da ya kai a yi ta ba.

Bana aka samu. Ruwa ya zo da kyau, hatsi ya fito, ciyawa kuma ta fito ta fi shi sauri. Gonar ta fi ƙarfin hannun mutum uku. Dodo, shugaban samarin Tungar Magagi kuma taubashinmu, ya duba kwanakin da ya riga ya raba wa masu gayya, ya ce Alhamis ce kawai ta rage. In ta wuce, sai bayan kwana ashirin, lokacin da za a nemi hatsin a cikin ciyawa da fitila. Samari sittin za su zo da hauya da makaɗi, ba a biyan kowa, amma dole a ci a ƙoshi. A rumbu kuwa dami talatin suka rage, kuma su ne za su ciyar da gidan har kaka.

Ran Talata da safe Nasiba, matar Abdurrazak, ta ce masa a aika a kira Gwaggo Balkisa a tambaye ta. Gwaggo Balkisa ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, kuma ita ke jagorancin matan daka a duk gayyar da aka taɓa yi a gidan. Abdurrazak ya dubi matarsa kamar ta ce a kai rediyo wurin wanzami gyara. Ya ce tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, me za ta gaya masa? Ai Inna, Allah ya jiƙanta, ekwasiyon ta bar musu ba ta sani ba. Ya sa aka share bangon zaure, ya ɗauko gawayi daga murhu, ya aika aka gaya wa maƙwabta cewa mai son ganin ilimi ya fito.

Aka fito kuwa, don ranar ba kasuwa. Ya tsaya gaban bango ya naɗe hannun riga, ya zana alamar gicciye a karkace, ya ce wannan sunansa iks, kuma iks shi ne abin da ba a sani ba.

Dodo ya ce, "To ashe kai ma iks ne, taubashi. Shekara ashirin ba mu san aikinka ba."

Abdurrazak bai kula shi ba. Ya rubuta iks bisa biyu, ya ce hura ke nan. Ya ƙara iks bisa uku, ya ce tuwo. Ya ƙara huɗu, na masu daka. Ya ja layi biyu a kwance ya sake rubuta iks. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, shi kansa ya ji abin ya burge shi, don har nan daidai ne, kuma bai yi zaton zai kawo nan ba.

Daga nan ya bayyana wa jama'a cewa biyun nan da ukun nan da ke zaune a ƙasa su ne masu kawo fitina, kuma maganinsu a ninka da shida su mutu. Iks bisa biyu ya zama iks uku. Iks bisa uku ya zama iks biyu. Iks na wancan gefen ya zama iks shida. Da ya zo kan huɗu sai ya tsallake ta, ya ce ita ba ta da kowa a ƙarƙashinta, ba ruwanta da rigimar. Iks biyar aka cire daga shida, iks ɗaya ya rage, ga huɗu a gabansa. Ya zagaye ta da gawayi sau biyu.

"Tiya huɗu," in ji shi. "Shi ke nan hatsin gayya."

Wani dattijo ya tambaya ko huɗun na mutum ɗaya ne. Nasiba daga bakin ƙofa ta ce, a hankali don mutane, in saura kaɗai tiya huɗu ne, ta yaya duka zai zama tiya huɗu? Abdurrazak ya ce wannan tambayar ita ce bambancin wanda ya shiga kwaleji da wanda ya wuce ta gabanta. Lissafi ba ya ƙarya. In akwai ƙarya, to a wurin matan daka take, waɗanda suka shekara talatin suna kwashe hatsin gidan nan Inna ba ta gane ba. Yau asiri ya tonu.

Maganar ta riga shi isa gidan Gwaggo Balkisa. Da la'asar ta zo da mata uku da taɓarensu, ba ta nuna ta ji komai ba. Abdurrazak ya hau tsani da kansa ya sauko da dami guda, aka sussuke, aka sheƙe, ya auna tiya huɗu yana share bakin kwano da bik ɗinsa don kada ƙwaya ta wuce. Gwaggo ta sa kowace mace ta shimfiɗa ɗankwali, ta juye mata tiya guda, suka ƙulle. Ta yi masa godiya, ta ce ko Habsa ba ta farawa da ladan daka, sai an gama aiki. Sannan ta tambayi ina hatsin gayyar.

Ya ce shi ne suka ƙulle.

Ta ce to madalla, aiki ya yi sauƙi bana. Suka ɗora taɓare a kafaɗa suka fita. Ya bi su har ƙofar gida yana bayanin iks, Gwaggo ta juyo ta ce shi da hannunsa ya rubuta a bango cewa huɗu na masu daka ne, kuma lissafi ba ya ƙarya.

Kafin magariba Dodo ya aiko cewa samari sun ji labari. Akwai wani a Tunga da ya daɗe yana roƙon Alhamis ɗin nan, kuma ya yi alkawarin ɗan akuya. An ba Abdurrazak zuwa hantsin Laraba ya faɗi wani adadi da mutum zai iya gaya wa cikinsa.

Laraba da sassafe ya koma bango. Wannan karon jama'ar ta fi ta jiya, har da masu wucewa zuwa rijiya da suka sauke tuluna. Ya sanar cewa jiya gwaji ne, yana auna hankalin mutane. Ya ce hanya mafi sauri ita ce a haɗa rabi da sulusi tun farko: ɗaya da ɗaya biyu a sama, biyu da uku biyar a ƙasa. Ya yi ta juye-juye har gawayin ya ƙare aka kawo wani, daga ƙarshe ya fito da tiya shida da kashi biyu cikin uku.

Dodo ya ƙirga da yatsu a fili. Ya ce in mata sun ɗauki huɗunsu, saura biyu da 'yan kai ga ƙarti sittin. Ya ce ba laifi, sai a dama a ƙwarya guda a riƙa zagayawa da ita kowa ya shinshina, wanda ya shaƙa sau biyu a ci shi tara. Wata mata ta ce ita dai tana son ganin kwanon da ke auna kashi biyu cikin uku, ko daga Yamai ake kawo shi. Abdurrazak ya goge bangon da hularsa, ya ce hayaniya ce ke shiga tsakanin lambobi.

Ya tsaya ya rufe ido. Ya sha gaya mana daga baya cewa a daidai lokacin nan ya ji muryar malamin lissafin nan na Filinge, da ƙarar bulalarsa a kan tebur, yana cewa abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa kowa. Ya buɗe ido ya sake rubuta layin jiya. Iks uku, iks biyu, iks shida. Da ya zo kan huɗu bai tsallake ta ba, ya ninka ta da shida ita ma. Iks ɗaya ya rage, a gabansa ashirin da huɗu.

Nasiba ta saki ajiyar zuciya. Ta ce wannan ya yi kama da gaskiya, don buhun da Inna ke cikawa bai fi haka ba.

Da ta yi shiru, da yanzu ba labari. Abdurrazak ya ji matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta yarda da amsarsa nan take, sai zuciyarsa ta gaya masa akwai sauran aiki. Amsar da Nasiba za ta gane ba amsar kwaleji ba ce. Ya sake duban bangon. Malam ya ce a yi wa kowa. To ita amsar ba kowa ba ce? Ya sa hannun riga ya goge ashirin da huɗu, ya ninka ta da shida, ya rubuta ɗari da arba'in da huɗu da manyan lambobi har yana ɗage.

"Baban Fati," in ji Nasiba, "rumbun duka ke nan."

"Rumbun ya yi sa'a da ya kai."

Dodo bai yi ba'a ba wannan karon. Ya cire hula ya ce ya janye duk abin da ya taɓa faɗi kan kwaleji, kuma samari za su kwana da hauya a hannu.

Gwaggo Balkisa ta yi abin da ya kamace ta sau ɗaya. Ta matso kusa ta ce, "Ɗan Habsa, zo in gaya maka wata magana." Ya ɗaga mata hannu ya ce Gwaggo ta riƙe taɓarya, shi ya riƙe lissafi, kowa da fanninsa. Ta dube shi, ta dubi lambar da ke bango ko da yake ba ta iya karanta ta, ta sa aka faɗa mata sau biyu. Leɓenta ya ɗan motsa kamar mai tasbihi. Sai ta tambaye shi ko maganar Habsa tana nan yadda take: rabi hura, sulusi tuwo, abin da ya rage na masu daka. Ya ce tana nan, ba a taɓa ko wasali. Ta ce jama'a sun ji. Ta juya ta aika a kira duk macen da ke da turmi a Tungar Magagi.

Yinin ranar ba a ji komai a garin ba sai daka. Abdurrazak na bisa tsani yana miƙo damma, Nasiba na ƙasa tana karɓa tana ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. A na goma ta ce ya isa. A na sha biyar ta ce yaran gidan nan ba iks za su ci da damina ba. A na ashirin ƙirga kawai take yi. Sai da aka sauke ashirin da huɗu aka cika awon. Injin niƙan garin ya yi zafi ya tsaya sau biyu, mai shi ya fito yana tambayar ko sarki ne zai sauka. Aka aro tukwanen biki na unguwa uku. Da aka zo batun nono, Fulanin da ke mashekari bayan kwari suka ce ko shanunsu duka sun haihu yau ba za su dama wannan hura ba, amma sun kawo abin da suke da shi, aka musanya musu da wasu damma uku. Abdurrazak ya ce nono ba ya cikin ekwasiyon, saboda haka ba a lissafa shi asara.

Alhamis ta waye ba gajimare. Samari suka jeru a gefen gona tun rana ba ta yi zafi ba, dogayen hauyoyinsu a gaba, makaɗi a baya. Dodo ya yi kirari aka fara. Aka ci kunya uku da kyau, ƙura na tashi, ciyawa na kwanciya. A al'ada sai hantsi ya ɗaga, an ci rabin gona, sannan a kawo hura. Amma a gida ba sauran mazubi. Ƙore sun cika, bokitai sun cika, baho ya cika, an wanke tano biyu, manyan gangunan ruwa, an cika, ga zafi ya fara sa ta kumfa. Abdurrazak ya ba da umurni a ɗora a amalanke a kai yanzu.

Samari suna kan kunya ta huɗu suka hangi amalanken jaki biyu na tahowa, Abdurrazak a gaba cikin rigar sallah, mata a baya a jere da ƙore a ka kamar ana kai amarya. Makaɗi ne ya fara tsayawa.

A garinmu ƙwaryar gayya ba ta komawa gida da saura. In ta koma, an zagi mai dama ta, an kuma ce samarin ba maza ba ne. Dodo ya leƙa cikin tano, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce wa yaransa yau ranar nuna asali ce, kowa ya sassauta mazagi.

Aka zauna ƙarƙashin gawo. Zagayen farko an sha ana raha ana sa wa kwaleji albarka. Zagaye na biyu aka rage magana. A na uku wani ya roƙi a bar shi ya je ya dawo, Dodo ya ce ba mai tashi. Abdurrazak na yawo a tsakaninsu da ludayi yana ƙara wa duk wanda ƙwaryarsa ta yi ƙasa, yana cewa an auna cikin kowa a lissafi, kada wanda ya ji tsoro. Da aka ga tano na farko bai kai rabi ba, aka fara tare hanya. Wasu Zabarmawa masu jakai da suka fito daga wajen Bonkuku aka sauke su, suka sha suka ce fofo, wato sun gode, aka ƙara musu, suka sake cewa fofo da ƙaramar murya, aka ƙara musu, suka hau jakai suka gudu. Wani mai babur ya tsaya tambayar hanyar Damana, bai samu amsa ba sai da ya shanye ƙwarya biyu. Fulanin da suka sayar da nonon suka zo wucewa da shanu, su ma aka mayar musu da nononsu ta baki.

Da rana ta take tsaka Dodo ya yi ƙoƙarin tada mutanensa. Goma sha biyu suka miƙe. Suka kama hauya suna tura ta da ciki, ido rabi a rufe, kuma da yake hatsi da ciyawa duk kore ne ga mai jin barci, sai da Nasiba ta yi ihu aka gane kunya biyu na hatsin ne suka kwantar suka bar ciyawar a tsaye. Abdurrazak ya roƙe su su koma inuwa. Makaɗi ya riga ya yi matashi da gangarsa.

Ana cikin haka tuwo ya iso. Tiya arba'in da takwas, malmala a kan malmala, da miyar kuka a tukwanen biki. Ba wanda ya ɗaga kai. Wani daga kwance ya ce in don Allah ne a juya da shi ta inda iska ba za ta kawo ƙamshin ba. Abdurrazak ya tsaya tsakanin tukwane da mutanen da ke kwance kamar an yi yaƙi, ya fara jawabi cewa lissafi ya yi nasa, cikin mutanen yankinmu na Kurfai ne bai kai ma'aunin duniya ba.

Bai gama ba ya hangi wani jerin mata ya biyo hanyar gona, Gwaggo Balkisa a gaba, kowace da ƙulli. Ba abinci suka kawo ba. Sun zo sallama ne da godiya, kamar yadda ake yi, kuma dattawan gari da suka zo ganin aiki suna nan a tsaye. Gwaggo ta ce an fitar da rabi, an fitar da sulusi, sun auna abin da ya rage sun raba, Allah ya ƙara arziki.

Abdurrazak ya dubi ƙulle-ƙullen, ya ga sun yi wa tiya huɗu yawa. Ya tambaya nawa suka rage.

"Ashirin da huɗu," in ji ta.

Ya ce ba zai yiwu ba, huɗu ya rubuta. Ta ce ita ba ta san abin da ya rubuta ba, abin da kwano ya auna ta sani, kuma jiya a gaban jama'a ya ce abin da ya rage nasu ne. Sai ta tsuguna, da ƙyar saboda gwiwa, ta tara ƙasa tsibi shida a gabanta. Ta ware uku ta ce hura. Ta ware biyu ta ce tuwo. Ta ɗora yatsa kan ɗayan da ya rage.

"Wanga shi ne namu, kuma Habsa ta ce tiya huɗu ne. To in guda huɗu ne, 'yan'uwanshi biyar mi za su zama? Huɗu huɗu har shida. Haka muke yi ni da ita tun kana yaro." Ta share hannu a zane. "Abin da munka ƙulle yau ladan daka, ɗan Habsa, shi ne dukan gayyar uwarka, da hurar da tuwon da namu."

Dattawa suka sunkuya suna duban tsibin ƙasa, suna ƙirgawa, suna gyaɗa kai. Abdurrazak ma ya duba. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda ya faɗa daga baya, shi ne shidan nan nasa ne, shi ya kawo shi daga kwaleji, ga shi a hannun tsohuwa an yi shi da ƙasa. Ya daka tsalle ya ce ai ya samu ashirin da huɗu, kowa ya gani a bango, shi ya fara samunta.

Nasiba ta ce gaskiya ne, ya samu. Ta kama hannun rigarsa ta jiya, wadda ta zo da ita ta naɗe tukunya mai zafi, ta ɗaga wa dattawa baƙin gawayin da ke jiki. Ta ce ga ta nan, duk mai son ganin amsar ya zo ya duba, nan ya ajiye ta.

Dariyar da aka yi ta tada wasu daga barci. Dodo bai iya tashi ba, daga kwance ya ɗaga hannu ɗaya.

"Taubashi, baɗi in za ka yi gayya, mu za mu kawo gawayin."

Da la'asar samari suka watse, wasu a amalanken da ya kawo hurar. An nome kunya huɗu da rabi a gonar da ke da sama da ɗari, biyu kuma an nome su ta inda bai kamata ba. Tuwo aka raba gida gida har tungayen maƙwabta, tano na biyu ya yi tsami aka ba shanu, su ma suka sha rabi suka bar shi. Dodo ya ce yana jin kunya ƙwarai, amma gobe gonar wani ce, jibi ta wani, kuma rabin yaransa ma sai sun ga yadda suka kwana.

Dami biyu suka rage a rumbu, da guntun wanda aka fara sussukewa ran Talata. Gwaggo Balkisa ta aiko da nata kason washegari ba tare da saƙo ba, sauran matan kuwa sun ce lada lada ne. Tun ranar mu uku ke fita gona da asuba, ni da Nasiba da Abdurrazak, kuma dole in faɗi gaskiya, yana noma kamar wanda ake bi da bulala, tafin hannunsa duk ya fashe. Mun ci kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran, ciyawa ta kai gwiwa, hatsin ya fara yin rawaya a ƙarƙashinta. Jiya da muka zauna hutawa na ga ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa, yana cewa in mutum uku sun nome kaza a kwana kaza. Nasiba ta miƙa ƙafa ta share, ta miƙa masa hauyarsa.

Saura wata biyu kaka, kuma bakuna tara ke ci a gidan nan. Wanda duk ya karanta wannan ya taya mu roƙo. Allah ya ba hannuwanmu ƙarfi su riga ciyawa, ya sa abin da muka tsirar ya yi zangarniya, ya sa albarka a ɗan abin da ya rage a rumbu ya kai mu sabon hatsi. Allah ya sa ruwa ya ɗore har ƙarshe, ba don halin mai gonar ba. Ku ce amin.